Mai Caji da Mai Caji Sosai

Har gobe ba na jin zan manta da Asabar ɗin da aka shigo mana shago da jirgin ƙasa a cikin jakar bakko. Damina ce, an yi ruwa da safe, bakin shagon duk taɓo, ina tsaye ina share shi da tsintsiya lokacin da keke ya sauke su.

Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, shagon na gyaran rediyo ne da amfilifaya da lasifikar masallatai da coci-coci, a nan Agege ta Legas, ba nisa da layin dogo. Na ƙanena ne, Tanimu. A gida ni ce Yaya, a shago shi ne Oga, haka muka raba tun farko kuma ba mu taɓa samun saɓani a kai ba. Shi ke zama a teburin gyara da mita da dalma. Ni ke riƙe da kanta, wato wayoyi da fis da batura da sauran ƙananan kaya. Duk abin da aka kawo gyara ta wurina yake fara biyowa. In ji ƙorafin mai shi, in duba da ido, sannan in tura wa Oga. Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa nake iya karanta abin da ke jikin kwali, a hankali dai, ina bi da yatsa.

Su biyu ne suka zo. Macen na san ta, Rifkatu tela, wadda takan kawo mana amfilifayar cocinsu in ta lalace. Namijin mahaifinta ne, Baba Yohanna, dogon tsoho sanye da kwat da ta sha wanki. Hannunsa ɗaya na kan kafaɗarta, ɗayan ya rungume jakar a ƙirji. Idanunsa a buɗe suke, amma ba sa sauka a kan kowa. Daga baya Rifkatu ta gaya mini sun daɗe da tafiya, inuwa kawai yake gani. Mutumin Kafanchan ne, ya yi aikin direban jirgin ƙasa har ya yi ritaya, ya zauna a Ebute Metta, unguwar da ake gyaran jiragen ƙasa.

Na ba shi kujera, muka gaisa. Ya ƙi yarda a karɓi jakar. Da kansa ya zuge ta, ya fito da kan jirgi, tsawonsa bai kai kamu biyu ba, amma da na ɗaga sai na ji nauyi, ƙarfe ne ba roba ba. Bayansa taragai, sai gutsattsarin dogo da ake haɗawa su yi da'ira, sai wata 'yar taransifoma.

Oga ya leƙo daga ciki ya ce, "Baba, mu fa rediyo muke gyarawa. Jirgi ai sai ku can Ebute Metta."

Baba ya ce, "Can ba sa karɓar jirgin da yake shiga jaka, ɗana."

Muka yi dariya, Oga ya ajiye abin da yake yi ya fito.

Rifkatu ce ta yi bayani. Yayanta Iliya, da ke aiki a ƙasar waje, shi ya aiko wa Baba jirgin, na hannu ne ya saya. Ba irin na wasan yara ba ne. In aka ɗora shi a dogonsa aka ba shi wuta, yana tafiya yana ƙarar inji kamar na gaske, yana oda, yana kaɗa ƙararrawa, in ya ja birki ka ji ƙarar ƙarfe. Baba ya shimfiɗa masa dogo a kan babban tebur a falo. Yakan zauna da maɓallin a hannu, da kunne yake sanin inda jirgin ya kai, ya rage masa gudu a kwana, ya busa masa oda a inda ya sa wa suna tasha. Ta rage murya ta ce mini, "Anti, tun rasuwar Mama, wannan ne kawai yake fitar da shi daga ɗaki."

Yanzu kuwa muryar ta lalace. Jirgin yana tafiya, amma sai dai ya yi wani gurnani ya yi shiru.

Oga ya kwance cikin jirgin. A nan zan ɗan yi bayani, don mu ma ranar muka fara gani. Irin wannan jirgi daga dogo yake samun wuta. Amma wutar dogo tana yawan yankewa na ɗan ƙiftawar ido, a mahaɗar dogo biyu, ko inda datti ya taru, ko lokacin da aka juya shi baya. Ƙafafun jirgin ba ruwansu, gudu zai wuce da su. Fanel, wato ɗan allon lantarkin da ke riƙe da muryar a cikinsa, shi ne ba ya son yankewa. Saboda haka aka sa masa batir na ko-ta-kwana, irin mai kusurwa huɗun nan da ake sa wa makirufo, wanda ake ce wa mai bolt tara. Batirin ba ya tura jirgi ko taku ɗaya. Aikinsa ya riƙe muryar kafin wuta ta dawo.

Da aka buɗe, gurbin batirin babu komai, sai wani farin gari kamar kanwa ya daskare a kan maƙalin, ya bi waya har ya taɓa gefen fanel. Alamar batir ya yi zafi ya zubar da ruwansa ke nan.

Oga ya ce, "Baba, ina batirin?"

"Na jefar. Na ji jirgin ya yi zafi a hannuna, na buɗe, na ji abu yana danƙo. Na cire shi na sa a shara."

"Wane iri ne?"

Rifkatu ta ce, "Mai caji ne, Oga. Iliya ya ja mini kunne a waya, ya ce jirgin da kansa yake yi wa batirinsa caji in yana tafiya. Na gaya wa Baba. Da na asalin ya tsufa ya daina riƙewa, Baba ya je kasuwar Oyingbo ya sayo wani."

Baba ya ce, "Mai caji na saya. Sabo fil."

Oga ya goge garin da buroshi da sifirit, ya haɗa dogo a kan tebur, ya ɗora jirgin, ya ba shi wuta. Ya sa mita a maƙalin batir. Wuta tana fitowa, wato da gaske jirgin yana ciyar da batirinsa. Sai dai ba mu san ko abin da yake bayarwa daidai ne ko ya wuce kima ba, don ba mu da wani irinsa da za mu gwada da shi. Oga ya daɗe yana kallon mitar, yana shafa gemu. Na san shi, in ya fara haka, magana mara daɗi ce ke tafe.

Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. In batir mai caji aka sa, sabo, kuma ya yi zafi har ya fashe, to laifin ba na batir ba ne. Fanel ɗin ne yake tura masa wutar da ta fi ƙarfinsa. In na sa wani, shi ma haka zai yi, wata rana ma ya kama da wuta kana kai kaɗai a gida. Irin wannan fanel kuwa babu shi a Legas, ko an zagaye kasuwannin kayan wuta duka. Abin da zan iya, in cire shi, in haɗa wa injin wuta kai tsaye. Zai yi tafiya lafiya lau."

"Da murya?"

"Babu murya, Baba."

Baba ya miƙa hannu yana lalube har ya sami kan jirgin, ya ɗora tafinsa a kai. Can ya ce, "Jirgin da ba ya magana, ni ina zan san inda yake?"

Rifkatu ta juya baya tana gyara ɗankwali. Oga bai yi ƙarya ba, kuma ba gaggawa ya yi ba. Abin da aka gaya masa ya bi, ya haɗa da abin da mita ta nuna. Ni ma da an tambaye ni a lokacin, abin da zan ce ke nan. Rifkatu ta ce a cire ɗin, gara beben jirgi da gobara. Oga ya kunna ƙarfen dalma, ya ajiye shi ya yi zafi.

Na ɗebo wa Baba ruwa. Ba wani tunani na yi ba, so nake kawai in ɗauke masa hankali daga teburin. Na zauna kusa da shi na ce, "Baba, kai kaɗai kake zuwa Oyingbo cikin wannan cunkoso?"

Ya ce, "'Yata, hanyar da na bi tun kafin a haife ki? Ƙafata ta san ta. Akwai wani ɗan Arewa mai tebur a bakin tasha, wurinsa nake sayen batirin rediyo. Yaron kirki."

"Shi ya zaɓa maka?"

"Ni na gaya masa abin da nake so. Na ce, ɗana, ba ni batirin makirufo mai caji sosai, kada ka ba ni wanda ya kwana a rana. Ya ɓare mini sabo a leda. Na ɗana a harshe, ya cije ni har cikin kunne. Na ce yauwa, wannan kam akwai caji."

Na ajiye kofin. Na ce, "Baba, sake faɗa mini yadda ka ce masa."

"Mai caji sosai."

Na ɗaga murya kaɗan, abin da ba na yawan yi a shago. "Oga, dakata da dalmar nan tukuna."

Ku lura da abin da ya faru, don a nan maganar take. A bakinmu, in aka ce fitila mai caji ko batir mai caji, ana nufin wanda in ya ƙare ake sake cika shi. Haka Rifkatu ta nufa, kuma daidai ta faɗa. Baba kuwa mutumin zamanin batirin rediyo ne, a wurinsa mai caji shi ne wanda yake da ƙarfi a ciki, bai mutu ba. Don ya tabbatar an ba shi mai kyau, sai ya ƙara da sosai. Duk mai sayar da batir da ya ji an ce mai caji sosai, sabon batir na yau da kullum zai miƙo, don shi ne yake zuwa a cike daga kamfani. Mai teburin bai cuce shi ba, abin da aka tambaye shi ya bayar. Shi kuwa batir na yau da kullum ba a yi masa caji. In aka matsa masa da wuta, zafi yake yi ya zubar.

Oga ya saurara har na gama. Ya tambayi Baba ko batirin yana da wani rami a jiki, ko an ce masa ya fara sa shi a caja. Baba ya ce babu ko ɗaya, daga leda sai harshe sai jirgi. Oga ya zare ƙarfen dalma daga soket, ya dafe kai yana dariya.

"Yaya, wallahi saura kaɗan in yi wa lafiyayye tiyata."

Rifkatu ta ce, "Laifina ne. Hausata ce ta Legas, da na yi masa bayani da kyau."

Baba ya ce, "Hausarki lafiyarta ƙalau. Ni na ƙara wa miyar gishiri."

Amma ba a gama ba, don har yanzu ba mu san ko ruwan batirin ya bar fanel ɗin da rai ba, kuma sai an zaɓi wanda ya dace. Na kwaso duk masu kusurwa huɗun da ke kanta na zube a tebur. A ido duk ɗaya suke, maƙalinsu ɗaya, kowanne zai shiga gurbin ya zauna daram. Na yau da kullum muka fara turewa gefe. Sai wani sabon yayi, mai ɗan rami a gindi inda ake soka cajar waya. Rifkatu ta ɗauke shi ta ce ai ga mai caji nan, har ya fi kyau. Oga ya ce a'a, wannan da nasa tsarin a ciki, cajar waya kaɗai ya sani, abincin da jirgi zai ba shi ta maƙali ba irin nasa ba ne. Suka rage guda biyu, irin na da, masu cin caji ta maƙali. Duka an rubuta tara da babban baƙi a gaba. Oga ya ce in duba ƙananan rubutun baya. Na kai bakin ƙofa wurin haske na bi da yatsa. Ɗaya bakwai da ɗigo biyu, ɗaya takwas da ɗigo huɗu. Oga ya sake auna abin da jirgin ke fitarwa, ya ce na biyun ya fi kusa da shi, na farkon zai yi wa fanel kaɗan. Ya ƙara da cewa shi ma ba rantsuwa zai yi ba, sai an gwada an ga ko zai yi zafi.

Baba ya ce a ba shi. Na sa masa a tafin hannu. Ya juya shi, ya kai harshe, ya ɗan jira, ya yamutsa fuska.

"Wannan ai gawa ce. Ko cizon sauro bai kai ba. Shi za ku sa wa jirgina?"

Oga ya ce, "Da yunwa yake zuwa, Baba. Sai ya ci tukuna."

"Wancan da ya cije ni fa?"

Na ce, "Shi ne ya ciji jirgin ma, Baba."

Ya yi 'yar dariya ta hanci ya miƙo mini.

Oga ya ce ba za a sa shi da yunwa ba, don fanel irin wannan in ya tashi da raunin batir yana iya rikicewa. Sai an cika shi a cajar shago, kuma abin zai ɗauki yini. Ya ce su tafi su dawo Litinin. Baba ya ce shi bai taɓa barin jirgi a tashar da ba tasa ba ya tafi gida. Rifkatu ta lallashe shi, ya ƙi. Daga ƙarshe ta koma shagonta saboda ɗinkin mutane, ta bar mana shi.

Haka muka yini da shi. Na aika aka sayo masa burodi da shayi. Masu gyara suna shiga suna fita, yana zaune a kusurwa da jirgin a cinya. Da azahar jirgin gaske ya wuce ta bayanmu, kwanon shago yana rawa. Mu mun saba, ko ɗaga kai ba ma yi. Shi kuwa ya karkata kunne har ƙarar ta ɓace, ya ce direban yaro ne, yana sakin oda da wuri. Na tambaye shi abin da ya fi damunsa tun da batirin farko ya tsufa. Na ɗauka zai ce odar.

Ya ce, "A'a. Ɗauke wuta ne. Kin san ni ɗauke wuta ba ya canza mini komai, duhun dai shi ne. Da, in an ɗauke, jirgin yakan tsaya, amma injin ya ci gaba da magana, ya sauko a hankali, ya saki iska, sannan ya yi shiru. Haka na gaske yake yi. Ba a kashe inji kamar an toshe wa mutum baki. Da batirin ya mutu, in an ɗauke wuta sai kawai ɗif. In zauna ban sani ba, faɗuwa ya yi daga tebur, ko kunnena ne shi ma ya tafi."

Na ƙara masa shayi.

Bayan la'asar Rifkatu ta dawo, fitilar caja ta koma kore. Oga ya sa batirin, ya bar cikin jirgin a buɗe don ya riƙa taɓawa. Ya ɗora shi a dogo, ya kama hannun Baba ya ɗora a kan maɓallin. Baba ya murɗa kaɗan.

Da farko babu komai. Sai wani tari, sai ƙarar inji ta taso daga ƙasa, tana kauri. Jirgin ya motsa. Wani mai gyaran fanka da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo yana tambaya da Yarbanci ko janareta muka saya. Baba ya danna oda. Ta fito, amma a dishe, kamar ladanin da mura ta kama. Ya danna ƙararrawa, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Oga ya ce ruwan batirin ya ci wannan ɓangaren, kuma ba ya jin zai dawo.

Baba ya ce, "Bar ta. Duk jirgin da ya yi aiki, da abin da ya rasa a hanya."

Aka bar shi yana zagaye. Oga yana tsayar da shi lokaci lokaci yana ɗora yatsa a kan batirin. Bai yi zafi ba. Aka sake, bai yi ba. Sai Baba ya ce, "Ɗana, ɗauke wutar. Kada ka gaya mini lokacin."

Oga ya bari jirgin ya shiga kwana, ya zare filogi. Ƙafafun suka tsaya cak. Injin bai tsaya ba. Ya ci gaba da gunji a kan teburin da babu wuta, yana sauka, yana sauka. Rifkatu ta buɗe baki za ta yi magana, Baba ya ɗaga mata hannu. Muka tsaya haka, har mai fanka. Ƙarar ta yi ƙasa, aka ji dogon huci na iska, sannan shiru. Sai a lokacin ya sauke hannun.

Ya ce, "To. Yanzu direba zai iya sauka."

Da kansa ya kwance dogon, ya mayar da komai jaka. Oga ya ja wa Rifkatu kunne cewa in wannan ya tsufa kada kowa ya je kasuwa da baki, a ɗauko tsohon a zo da shi a hannu.

Abin da na ɗauka daga ranar, wanda nake so ku masu tasowa ku riƙe, shi ne mita wuta take aunawa, ba ta auna magana. Kayan da ake kawo mana ba sa zuwa su kaɗai, da labari suke zuwa, kuma labarin ya bi ta bakin mutum biyu ko uku kafin ya iso kanta. Kowa a cikinsu gaskiya ya faɗa, amma kalma takan canza kaya a hanya. Kada ku tsaya a kan me ka saya. Ku tambayi mutum yadda ya ce da bakinsa, da abin da aka ce masa, ku bar shi ya faɗa da irin Hausarsa ko Yarbancinsa, ko da layi ya taru.

Ba kowa ke son haka ba. Ko a makon jiya wani ya ce mini, "Hajiya, batir na zo saya, ba shari'a ba."

Na ce, "Na sani, ɗan'uwana. Zauna dai ka gaya mini abin da za ka sa wa."